Sule da Ahu: Ƙwayoyin Tsirrai da Cinikin Waraka a Ingilar Zamanin Biktoriya

A shekarar 1909 Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta fitar da wani littafi mai suna Secret Remedies. Ta sa aka sayo magungunan da suka fi kasuwa a ƙasar, aka kai su ɗakin gwaji aka warware abin da ke cikin kowanne, sannan ta buga sakamakon tare da kuɗin kayan haɗin. Ƙwayar Beecham, wadda aka daɗe ana cika jaridu da tallarta, ashe abu uku ne a cikinta: busasshen ruwan wani tsiro dangin alobera, da garin citta, da sabulu. Kwali mai ƙwaya 56 sule da ahu ake sayar da shi. Kayan da ke ciki kuwa kashi ɗaya ne cikin takwas na kwabo, wato da kaɗan suka ɗara anini. Amma taken tallar cewa yake yi kowane kwali ya cancanci fam guda da sule, kuma yana maganin ciwon kai, kumburin ciki, ƙuraje, rashin barci, har da munanan mafarkai.

Sau da yawa idan aka kawo wannan labari, a kan jahilcin talaka da wayon ɗan damfara ake tsayawa. Wannan maƙala tana ganin bayanin bai wadatar ba. Kasuwar da ta ratsa mulkin Sarauniya Biktoriya tun daga 1837 har 1901, kullum tana ƙara bunƙasa, ba wauta kaɗai ta riƙe ta ba. Likitoci da gwamnati da jaridu duk suna da hannu a ciki, kuma kalmar "tsiro" da ake maƙala wa ƙwayoyin ita ce hajar da aka fi sayarwa, ba abin da ke cikin kwalin ba.

A fara da abin da likita ke bayarwa a farkon wannan zamani. Tsaga jijiya a zubar da jini, ko a ɗora wa mutum matsattsaku, ko a ɗirka masa kalomel, maganin da aka haɗa da zaiba, har yawu ya riƙa dalala haƙora su yi girgiɗi. Kuɗin ganin likitan kan kai sule biyu da sisi, alhali leburan gona a kudancin Ingila abin da yake samu a mako bai fi sule goma da 'yan kai ba. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya fito daga hannun likita da ruɓaɓɓen dasashi, in aka ce masa ga magani na zallar tsiro babu zaiba a ciki, ai ba haukarsa ce ta sa ya saya ba.

Wanda ya fara gane wannan sosai shi ne James Morison, ɗan kasuwa mutumin Sikotilan, wanda ya ce ya sha jinyar shekara 35 likitoci suka kasa, sai da ya warkar da kansa. A 1825 ya fito da ƙwayarsa ta tsirrai mai maganin kowace cuta, a 1828 kuma ya buɗe wata cibiya a Landan ya laƙaba mata sunan kwalejin lafiya, duk da cewa shagon ciniki ne. Aƙidarsa gajeruwa ce, yaro ma zai haddace: cuta ɗaya ce a duniya, wato dattin jini, magani ma ɗaya ne, wato wankin ciki. Ƙwayar lamba ɗaya da lamba biyu ce, an haɗa ta da alobera da wata guna mai ɗaci da wani ƙaro rawaya mai suna gamboj, dukkansu masu sa zawo ne mai tsanani.

Nan ne asirin cinikin yake. Maganin zawo yana nuna aikinsa cikin 'yan sa'o'i, mai sha ya gani da idonsa, ya ji a jikinsa. An riga an gaya masa cewa abin da ke fita shi ne cutar. In ya samu sauƙi, ƙwaya ce ta yi aiki, ko da mura ce da za ta tafi da kanta. In jiki ya ƙara rikicewa, sai a ce dattin ne ya taso, a ƙara yawan ƙwaya. In ya mutu, to bai fara da wuri ba, ko kuwa likita ya riga ya lalata shi da zaiba. Babu ta inda za a ƙaryata aƙidar. Kuma ta kashe mutane. A 1836 wata kotu a Landan ta sami Robert Salmon, wakilin Morison, da laifin kisa ba da niyya ba, bayan wani kyaftin ɗin jirgin ruwa, John MacKenzie, ya haɗiyi ƙwayoyi kusan dubu cikin kwana 20 bisa umarninsa. Morison ya mutu a Faris a 1840, 'ya'yansa suka ci gaba da harkar. Sunan ƙwayar ya shiga bakin mutane har marubuci Thomas Carlyle ya yi amfani da shi a 1843 wajen yi wa 'yan siyasa ba'a, masu neman magani guda ga dukan matsalolin ƙasa.

Ina hukuma take? Tana karɓar kuɗi. Sunan da aka san magungunan da shi, wato patent medicines, yana nuna kamar suna da takardar mallakar ƙirƙira daga fadar sarki, amma kusan dukkansu ba su da ita, domin mai neman wannan takarda dole ya bayyana abin da ya haɗa. Masu su suna kare suna da tambari ne kurum, su ɓoye haɗin. Tun 1783 gwamnati ta sa musu harajin hatimi, aka sabunta dokar a 1812: ahu a kan duk maganin da bai wuce sule ba. Daga nan farashin sule da ahu ya samo asali. Kowane kwali yana zuwa naɗe da takarda mai ɗauke da kambin sarauta, mai saye kuwa ya ɗauka gwamnati ce ta tantance. Sai daga baya aka ƙara rubuta cewa hatimin ba lamuni ba ne, ga wanda ya iya karatu ke nan. Dokar likitoci ta 1858 ta kafa rajistar ƙwararru amma ba ta hana kowa ba da magani ba, dokar haɗa magunguna ta 1868 kuma, da ta tsara sayar da guba, sai ta tsame waɗannan magunguna daga ciki.

Jaridu ma sun ci nasu rabo. Da aka soke harajin talla a 1853, da na jarida a 1855, da na takarda a 1861, jaridun kwabo suka yawaita, kuma masu ƙwayoyi na cikin manyan masu ciyar da su. Ɗaya daga cikinsu, Thomas Holloway, wanda bashin talla ya taɓa kai shi gidan yari, yana kashe fam 5,000 a shekara kan talla a 1842. Kafin ya mutu a 1883 kuɗin ya kai kimanin fam 50,000. Editan da ke cin wannan abinci da wuya ya binciki mai kawo shi. Da ribar ƙwaya da man shafawa Holloway ya gina asibitin masu taɓin hankali, da kuma kwalejin mata a Egham, wadda Sarauniya da kanta ta buɗe a 1886. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai masu cewa tunda yawancin ƙwayoyin maganin wankin ciki ne kawai, kuma abincin ma'aikata burodi ne da dankali da shayi, taurin bayan gida ya yi katutu, to mai saye bai yi asarar komai ba sai kuɗinsa. Akwai gaskiya a nan. Thomas Beecham, wanda ya taso yana kiwon tumaki kafin ya fara talla a kasuwar Wigan a 1847, ya sayar da abin da ke yin aiki ɗaya da gaske, har aka ci gaba da yin ƙwayarsa zuwa 1998. Amma hujjar tana rushewa ta fuska biyu. Mai tarin fuka ko ciwon daji da ya dogara ga ƙwayar zawo ya ƙara wa kansa rauni ne. Na biyu kuma, sirrin da ya rufe citta da sabulu shi ne ya rufe ofiyom. Ruwan Godfrey, da ake ɗura wa jarirai su yi shiru yayin da uwayensu ke masaƙa, ofiyom ne a cikin ruwan zaƙi. Na Misis Winslow, da ya zo daga Amurka, mofin ne. Maganin mata na Lydia Pinkham, da aka fara sayarwa a Amurka a 1875 da sunan haɗin tsirrai, kusan kashi ɗaya cikin biyar ɗinsa barasa ce. Ofiyom ma ai daga tsiro yake, don haka mai talla bai yi ƙarya ba a zahiri. Uwar da ke tsaye gaban kanta ba ta da hanyar bambance kwalbar da za ta sa ɗanta barci da wadda ba zai farka ba. Sai a 1892 kotu ta yanke, a shari'ar maganin Chlorodyne, cewa duk wanda ke ɗauke da guba dole a rubuta hakan a jikinsa.

Ba za a wanke likitocin da suka yi ta kururuwa ba. Kishiyar sana'a suke yaƙa, su ma kuma cikin Latin suke rubuta magani don kada majinyaci ya gane. Sai dai buƙatarsu guda daidai take: a bayyana abin da ke cikin kwalba. Kwamitin majalisa da ya binciki lamarin ya miƙa rahotonsa a watan Agustan 1914, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya danne shi. An hana tallar maganin ciwon sanyi a 1917, na ciwon daji a 1939, sannan a 1941 aka tilasta rubuta kayan haɗi, a shekarar da aka soke harajin hatimin.

Mai karatu a Nijeriya ya gaji wani abu daga wannan tarihi, domin lasisin da masu ƙananan kemis ke riƙe da shi har yau sunan waɗancan magunguna yake ɗauke da shi. Kwalaben maganin gargajiya masu lambar NAFDAC kuma, da yawansu akwai ɗan rubutu a gefe mai cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warakar ba. Kafin a biya kuɗi, a juya kwalbar a karanta shi.