Yaƙin Hafrsfjord da batun haɗe sarautun Norbej

A wannan ƴar maƙala muna son mu sake duba abin da aka saba faɗi, wato wai sarki Harald, mai laƙabin Kyakkyawan Gashi, ya haɗe ƙananan sarautun Norbej a yaƙi guda, a mashigin tekun Hafrsfjord kusa da Stavanger, cikin shekarar 872. Masanan ƙarni na 19 ne suka lissafo wannan shekara. Daga baya Halvdan Koht ya matso da yaƙin zuwa wajejen 900.

Matsalar tana ga madogara. Labarin da ya fi shahara yana cikin Heimskringla, wanda Snorri Sturluson ya rubuta a Islanda wajen 1230, fiye da shekara 300 bayan aukuwar abin. Baitocin mawaƙan fada ne suka fi kusa da zamanin, kuma mun san mawaƙi ba ya rage wa ubangidansa girma.

A ganinmu, hanyar ruwa ce aka yi wa faɗa. Jiragen da ke ɗauko fatu da hauren dorinar teku daga arewa suna bi ta mashigin Karmsund, inda Avaldsnes take, ɗaya daga gidajen sarautar Harald. Wanda ya riƙe wannan ƙofa ya samu abin raba wa mayaƙansa, su kuwa mai kyauta suke bi. Shi ya sa muke goyon bayan Claus Krag, wanda ya taƙaita ainihin mulkin Harald ga yammacin ƙasar: Trøndelag tana hannun sarakunan Lade, yankin Viken kuwa sarakunan Danmark ke da'awarsa.