Manhajar Gyara Rubutu a Cikin Burauza: Ire-irenta da Matsayinsu a Abuja

Tun da Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ta sanya ranar 31 ga Disamba 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su rabu da aikin takarda, rubutun ofis a Abuja ya kama hanyar komawa kwamfuta ɗungurungum. Wasiƙu da rahotanni da bayanan taro, duk ana so su riƙa yawo ta intanet maimakon a hannun masinja. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu nazarci wata dabara da ke ƙara yaɗuwa, wato gudanar da manhajar gyara rubutu ta tebur a cikin burauza. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, hanyoyin yin hakan iri ɗaya suke a ido, amma sun sha bamban a kan inda manhajar ke aiki da inda rubutun ke kwana.

Manhajar gyara rubutu ita ce wadda ake buɗe fayil a cikinta, a rubuta, a goge, a sauya wa jimla wuri, sannan a adana. Akwai ta rubutu zalla, irin su Notepad da Vim da Emacs da VS Code, waɗanda masu rubuta manhajoji suka fi amfani da su. Akwai kuma mai tsara shafi, irin su Word da LibreOffice Writer. Idan muka ce ta tebur, muna nufin wadda ake girkawa a cikin kwamfutar mutum, ta yi aiki ko da babu intanet. Burauza kuwa manhajar buɗe shafukan intanet ce, kamar Chrome da Firefox, yayin da saba take nufin kwamfuta mai ƙarfi da ke ajiye a wata cibiya tana yi wa wasu kwamfutoci hidima daga nesa. Google Docs ba ta cikin nazarinmu, domin ita a intanet aka haife ta, daga manhajar Writely da Google ya saya a 2006. Muna magana ne a kan wadda aka gina don tebur, daga baya aka shigar da ita burauza.

Hanya ta farko ita ce haska allo daga nesa. Manhajar tana aiki gaba ɗaya a kan saba, burauza kuma hoton allonta kawai take nunawa, ta kuma aika mata duk maɓallin da aka danna. Apache Guacamole da noVNC haka suke aiki. Alfanunta shi ne ba a taɓa manhajar ba, kuma tsohuwar kwamfutar gwanjo da aka saya a kasuwar Banex ta wadatar, tunda nauyin aikin yana can. Amma kowane harafi sai ya je ya dawo kafin a gan shi. Haske yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya cikin wayar gilashi. Daga Abuja zuwa Legas ta hanya ya haura kilomita 700, wayar MainOne da ke ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal kuma kusan kilomita 7,000 ce. Ke nan, idan sabar tana Turai, zuwa da dawowar harafi guda ba za ta gaza milidaƙiƙa 70 ba, wato kashi 70 cikin 1,000 na daƙiƙa, tun kafin a lissafa cunkoson netwok. Mai saurin bugu yana jin wannan jinkiri a yatsunsa.

Hanya ta biyu raba aiki ce: fuskar manhajar tana zama a burauza, fayiloli da manyan ayyuka suna kan saba. Misalinta code-server da GitHub Codespaces, dukansu sun ginu ne a kan VS Code, wadda Microsoft ya fitar a 2015. Haruffa suna bayyana nan take, sai dai idan sabis ya ɗauke, babu adanawa.

Hanya ta uku ta fi jan hankalinmu, kuma muna ganin ba a ba ta muhimmancin da ya kamace ta a ƙasarmu ba. A nan ana sauko da manhajar sukutum cikin burauza, ta yi aiki da ƙarfin kwamfutar mai ita. Bambancinta da ta farko kamar bambancin aika wa tela yadi ne da ya zo gida da kekensa. Abin da ya ba da damar hakan shi ne WebAssembly, wani tsarin umarni da burauza ke gudanarwa da saurin da ya kusa na manhajar da aka girka. Manyan burauzoji sun karɓe shi a 2017, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet kuma ta amince da shi a Disamba 2019. Da kayan aiki irin su Emscripten ana juya tsohuwar manhaja da aka rubuta da harshen C ko C++ zuwa wannan tsari. Ta haka aka shigar da Vim, wadda Bram Moolenaar ya fitar a 1991, cikin burauza a 2018, ta haka kuma aka yi wa LibreOffice. Shi ma vscode.dev da aka buɗe a Oktoba 2021 a kwamfutar mai amfani yake aiki, ko da yake ba ya gudanar da duk abin da ta tebur ke iyawa. Kuɗin datar wannan hanya a farko yake: Vim ƙarama ce, amma LibreOffice tana cin gomman megabayit kafin ta buɗe. Bayan nan, idan an tsara ta yadda burauza za ta adana ta, sai ta ci gaba da aiki babu netwok.

Ranar 14 ga Maris 2024 ta nuna mana amfanin wannan rarrabewa. A ranar, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a yankin gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta na kwanaki. A irin wannan hali, mai dogaro da sabar ƙetare ta hanya ta farko ko ta biyu sai ya naɗe hannu, mai hanya ta uku kuwa yana kan rubutunsa muddin batir bai mutu ba. Wanda sabarsa ke cikin gida, misali a cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone, kamfanin gwamnati da aka kafa a Abuja a 2006, yana tsaka-tsaki. Akwai kuma batun doka. Manufar da hukumar NITDA ta fitar a 2019 ta ƙarfafa wa ma'aikatu amfani da sabobi na haya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙetare. Fayil ɗin ma'aikaci mai ɗauke da albashinsa da tarihin lafiyarsa, idan aka buɗe shi a manhajar da sabarta ke wata ƙasa, ya bar Nijeriya ko da mai buɗewar yana zaune a Sakatariyar Tarayya.

Ita ma hanya ta uku tana da iyakokinta, kuma daga tsaro suka taso. Burauza tana killace kowane shafi don kada ya taɓa fayilolin mutum ba da izini ba. Sai a 2020 Chrome ya ba shafuka damar buɗe fayil da adana shi kai tsaye a mazauninsa, kuma ba kowace burauza ce ta bi sahu ba. Inda babu wannan dama, rubutun yakan zauna a ma'ajiyar burauza, wanda ya share bayananta kuma ya share shi. Wannan haɗari ne babba ga ɗalibin Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN da ke Jabi idan a kwamfutar kafe yake rubuta aikinsa. Sannan akwai rikicin maɓallai, wanda ya shafi hanyoyin uku duka. Mai amfani da Emacs ya saba da danna Ctrl da W don yanke rubutun da ya zaɓa. Hannunsa ya danna ba tare da ya yi tunani ba, burauza ta riga manhajar karɓar umarnin, a wurinta kuwa ma'anarsa rufe shafi ce.

Saura abin da ya shafe mu kai tsaye, wato haruffa masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ. Dukansu suna da lambobinsu a Unicode, tsarin da ya bai wa kowane harafi na duniya lamba, kuma manhajoji irin su Keyman suna sauƙaƙa buga su. Amma harafi yana buƙatar abu biyu: hanyar shiga, da kuma zubin haruffa, wato tarin siffofin da ake zana su da shi a allo. A hanya ta farko, zubin da ke kan saba shi ne mai hukunci, kuma ba lalle ne harafin da mai rubutu ya buga a Abuja ya isa can da siffarsa ba. A hanya ta uku, manhajar da ke zana allonta da kanta takan dogara ga zubin da aka sauko da shi tare da ita. Idan babu ƙ a ciki, sai mai rubutu ya buga "ƙasa" ya ga ɗan akwati a farkon kalmar. Ajami ya fi wuya, tunda daga dama yake farawa kuma haruffansa suna sauya siffa idan sun haɗu. Don haka muke ganin duk ma'aikatar da za ta ɗauki ɗaya daga cikin hanyoyin nan, ya kamata kafin a sa hannu a kwangila a zaunar da mai buga Hausa ya rubuta shafi guda da boko, wani da ajami, ya adana, ya rufe, sannan a buɗe fayil ɗin a wata kwamfuta dabam a karanta.