Yadda kariyar sirri a burauza ke hana wasu shafukan intanet aiki

Sau da yawa ɗan kasuwa kan kai matakin ƙarshe na biyan kuɗi ta intanet, ko ma'aikaci ya cike fom ya danna maɓallin turawa, sai shafin ya tsaya fari fat. A garuruwan yammacin Zamfara irin su Gummi, Bukkuyum da Bagega ta Ƙaramar Hukumar Anka, akan ɗora laifin a kan raunin sabis. Amma wani lokaci burauzar ce da kanta ta tare wani sashe na shafin, da nufin kare sirrin mai wayar.

Tushen matsalar

Shafukan intanet na ajiye wasu ƙananan bayanai a cikin waya ko kwamfuta, waɗanda ake kira kukis, domin su riƙa gane mai ziyara. An ƙirƙiro su ne a kamfanin Netscape a 1994. Sun kasu biyu: na shafin da mutum ya buɗe, da na wasu kamfanoni daban da aka cusa ayyukansu cikin shafin. Da kashi na biyun ne kamfanonin talla ke bin sawun mutane daga shafi zuwa shafi.

Don haka Firefox ta fara toshe masu bin sawu ga kowa a Satumbar 2019, Safari kuma ta rufe ƙofa ga kukis na baƙin kamfanoni gaba ɗaya a Maris 2020. Chrome na toshe su a yanayin sirri na Incognito.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba kowane baƙo ne ɗan leƙen asiri ba. Shafin makaranta ko na hukuma yakan miƙa karɓar kuɗi ga kamfani irin su Remita, Interswitch ko Paystack, sannan banki ya buɗe tasa tagar ta tantance mai kati. Idan burauza ta ɗauke su a matsayin masu bin sawu, ko ta hana sabuwar taga buɗewa, sai biyan ya maƙale ko rasit ya ƙi fitowa.

Akwai kuma tsimin data. Opera Mini kan matse shafi a na'urorin kamfaninta kafin ya iso waya, kuma a mataki mafi tsanani wasu maɓallai da fom ba sa aiki.

Hanyar gyara

Da farko a tabbatar adireshin shafin na gaskiya ne, domin sassauta kariya ga shafin bogi tamkar buɗe wa ɓarawo ƙofa ne.

Bayan haka a ɗage kariyar ga wannan shafin kaɗai. A Firefox ana taɓa alamar garkuwa da ke kusa da adireshi, a Brave kuwa alamar zaki. A Chrome ana shiga saitin shafi a ba da izinin kukis da buɗe sabuwar taga. Mai amfani da Opera Mini ya kashe tsimin data, ko ya koma wata burauza. Idan akwai manhajar toshe talla, a dakatar da ita, sannan a sake loda shafin.

Idan abin ya ci tura, a goge kukis na wannan shafin kawai. Goge duka zai fitar da mutum daga sauran asusunsa, ga wahalar tuna kalmomin sirri.

Wanda aka cire wa kuɗi alhali rasit bai fito ba, kada ya yi gaggawar sake biya. Ya adana saƙon banki da lambar biyan, kamar lambar RRR mai alƙaluma 12 ta Remita, ya fara duba matsayin biyan da ita. Da zarar an kammala aiki, a mayar da kariyar yadda take.