Rinin Kodak da ya koma ɗakin tiyatar yara

1/ Jama'a, zaren yau tarihin wani rini ne da aka haɗa saboda ɗaukar hoto, amma yanzu da shi likitoci ke farautar kansa a jikin yara. Sunansa ICG. Ku biyo ni.

2/ Kamfanin Kodak na Amurka ne ya haɗa shi a 1955. A 1959 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a sa wa mutane. Aikinsa na farko shi ne auna ƙarfin hanta da yawan jinin da zuciya ke turawa. Daga baya likitocin ido suka ɗauka.

3/ Sirrinsa biyu ne. In an yi allurarsa a jijiya, hanta ce ke tace shi daga jini. In kuma aka haska shi da wani haske da idon mutum ba ya gani, sai ya yi ƙyalli a kyamara ta musamman.

4/ Ana nan, a 1985 likita Erich Mühe a Jamus ya cire matsarmama ta ƴar ƙaramar kafa, ba tare da tsaga ciki ba. Ciwo kaɗan, warkewa da wuri. Amma fa akwai asara: yatsun likita ba sa shiga. Alhali da lalube ake gano ƙananan ƙulluttan kansa a huhu.

5/ A 2009 likitoci a Jami'ar Tokyo suka ba da rahoton cewa kansar hanta tana shan rinin nan amma ta kasa fitar da shi. Lafiyayyen nama ya wanke, ita ta ci gaba da ƙyalli.

6/ Nan likitocin yara suka samu hanya. Hefatobilastoma, kansar hanta da ta fi kama ƙananan yara, takan yaɗu zuwa huhu, kuma ko can tana riƙe rinin. A 2015 asibitin yara na Kanagawa a Japan ya nuna an gano ƙulluttan da ba su kai milimita 1 ba.

7/ Ba tsafi ba ne dai. Hasken ba ya wuce zurfin kusan santimita 1, kuma wani lokacin abin da ya yi ƙyalli ba kansa ba ne. Sai an kai ɗakin gwaji.

8/ Ga yaro ɗan shekara 2, ƙulli ɗaya da aka bari na iya dawo da ciwon. Abin da yatsa ya daina ji, yanzu ido na gani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.