Abdulƙadir ɗan Tafa

Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa (1804–1864), malami ne masanin falsafa da tarihi a Daular Sakkwato. Jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ta wajen mahaifiyarsa, Nana Khadija. Ya yi karatu wurin mahaifinsa da kawunsa Muhammadu Sambo, ya kuma zauna a Salame yana karantarwa.

A zamaninsa ba a raba kimiyya da falsafa gida biyu ba. A littattafan hikima na Larabci, binciken ɗabi'ar halittu da lissafi da ilmin taurari duk rassan falsafa ne: kimiyya ta bayyana yadda abu ke gudana, falsafa ta binciki asalinsa da hujjar saninsa. A wannan fage ya rubuta Kulliyyatul Alamis Sitta, kan rabe-raben samuwa, da Al-Futuhatur Rabbaniyya.

Littafinsa da masana tarihi suka fi amfani da shi shi ne Raudatul Afkar, kan sarakunan ƙasar Hausa.