Kwamitin Yaƙi da Wariyar Launin Fata: Daga Sharpeville Zuwa Tunis

Ranar 21 ga Maris, 1960, 'yan sandan Afirka ta Kudu suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a garin Sharpeville, suka kashe mutum 69. A shekarar ce kuma ƙasashen Afirka 16 suka shiga Majalisar Ɗinkin Duniya. Waɗannan sababbin mambobi ba su zo ɗumama kujera ba. Da matsin lambarsu da ta ƙasashen Asiya aka fitar da sanarwar kawar da wariyar launin fata a 1963, sannan aka amince da cikakkiyar yarjejeniya ranar 21 ga Disamba, 1965.

Sai dai wakilan Gana da na Filifin suka dage cewa alkawari ba tare da mai bin sawu ba aikin banza ne. Daga nan aka samu kwamitin ƙwararru 18, wanda ake kira CERD a taƙaice. Yarjejeniyar ta fara aiki a Janairun 1969, kwamitin ya yi zamansa na farko a 1970. Shi ne kwamiti na farko da wata yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar ta kafa don ya binciki ƙasashen da suka sa hannu.

Laifi tudu ne. Da yawa cikin waɗanda suka rattaba hannu sun ɗauka Afirka ta Kudu kawai za a riƙa nuna wa yatsa, har wasu gwamnatoci suka riƙa aiko da rahoto cewa su kam babu wariya a ƙasarsu. Kwamitin ya ƙi karɓar wannan amsa. Dalilinsa yana cikin yarjejeniyar kanta, domin ba launin fata kaɗai ta ambata ba, har da ƙabila da asali da zuriya. Ke nan babu ƙasar da za ta ce ba da ita ake ba.

A shekarun 1980 kwamitin ya sha wuya, har aka soke wasu zamansa saboda ƙasashe ba sa biyan kuɗinsu. Da ya farfaɗo, sai ya ɓullo da tsarin gargaɗin gaggawa a 1993.

Inda aikinsa ya fi tsauri shi ne bakin 'yan siyasa. Sashe na 4 na yarjejeniyar ya wajabta hukunta masu yaɗa ƙiyayyar launin fata ko ƙabila, shi ya sa da Amurka ta shigo a 1994 ta gindaya sharaɗin kare 'yancin faɗin albarkacin baki. A 2013 kwamitin ya samu Jamus da laifin ƙin bincikar kalaman ɗan siyasa Thilo Sarrazin kan Turkawa da Larabawan Berlin yadda ya kamata. A 2016 ya ce kalaman wasu 'yan siyasar Birtaniya lokacin ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai sun rura wutar ƙyamar baƙi. A 2023 kuwa abin ya dawo gida Afirka: bayan Shugaban Tunisiya Kais Saied ya zargi baƙin haure daga kudu da Sahara da yunƙurin sauya asalin al'ummar Tunisiya, aka shiga korar baƙar fata daga gidajen haya da wuraren aiki, kwamitin ya fitar da gargaɗin gaggawa.

Kwamitin ba shi da 'yan sanda, ba shi da gidan yari. Ƙarfinsa bai wuce ya zaunar da wakilan gwamnati a Janeba, ya yi musu tambayoyi a bainar jama'a, ya rubuta abin da ya gani ba. A ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne, don lauyoyi da 'yan jarida na cikin gida kan kafa hujja da rubutun.

Yau ƙasashe sama da 180 ke cikin yarjejeniyar. Amma Sashe na 14, wanda ya ba mutum damar kai ƙarar gwamnatinsa gaban kwamitin, ƙasashen Afirka ƙalilan ne suka amince da shi, irin su Sanagal da Aljeriya da Afirka ta Kudu. Najeriya da Nijar ba sa ciki, haka ma Gana.