Tsumagiya a Cikin Akwatin Gilashi

A ranar 13 ga watan Mayu na 2017, gidan adana kayan tarihi na Victoria da Albert da ke birnin Landan ya buɗe wani baje koli wanda ya ba masu bin tarihin al'adu abin tattaunawa. Wannan gida, da aka kafa tun 1852 domin adana kayan fasaha da na sana'o'in hannu, shi ne ya keɓe manyan ɗakunansa ga Pink Floyd, ƙungiyar makaɗan rok ta Ingila, shekara 50 bayan fitowar faifansu na farko. An sa wa baje kolin suna Their Mortal Remains. Kayan da aka jera sun haura 350, kuma saboda yawan jama'a sai da aka ƙara wa'adinsa har tsakiyar Oktoba, kafin daga baya a kai shi Roma da Madrid da wasu birane.

Mai ziyara yakan shiga ne ta cikin wata babbar mota da aka ƙera kwatankwacin wadda makaɗan suke yawo da ita a farkon tashinsu. Akan ba shi abin sauraro ya maƙala a kunne, kiɗa da bayani suna sauyawa gwargwadon inda ya tsaya. Daga nan tarihin yake bi daki-daki. A 1965 samari huɗu suka haɗu a Landan: Syd Barrett, Roger Waters, Richard Wright da Nick Mason. Barrett ne ya raɗa wa ƙungiyar suna, ya haɗa sunayen wasu baƙaƙen fata biyu na Amurka masu kiɗan bluz, wato Pink Anderson da Floyd Council. Da lafiyar ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ya bar su a 1968, David Gilmour ya gaje shi. Faifan The Dark Side of the Moon na 1973 shi ne ya kai sunansu ko'ina a duniya.

Ga jitoci, ga wasiƙu, ga zane-zanen bangon faifai. Ga kuma siffar tashar lantarki ta Battersea, inda a Disamba 1976 makaɗan suka ɗaura wani ƙaton balan-balan mai siffar alade domin ɗaukar hoto, igiya ta tsinke, ya bi iska ya rikita zirga-zirgar jiragen sama, ya sauka a wata gona a yankin Kent. Amma abin da ya fi cancantar malami ya tsaya a kansa ba shi da girma ko ƙyalli. Tsumagiya ce, tare da littafin da ake rubuta sunayen yaran da aka hora, daga makarantar ƴan maza ta Kambirij inda Waters ya yi karatu. Sunansa yana cikin littafin.

Waters maraya ne na yaƙi. An kashe mahaifinsa a fagen daga na Anzio, a Italiya, a 1944, shi kuwa yana ɗan wata biyar. Ya tashi a Ingilar bayan yaƙi, lokacin da duka yake cikin tsarin makaranta, ana auna shi, ana rubuta shi kamar kuɗin kasuwa. Malaman wancan zamani sun yarda cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ba su lissafa ba shi ne iccen yana da tunani, kuma ba ya mantuwa.

Bayan shekara wajen ashirin, a 1979, ƙungiyar ta fitar da The Wall, labarin wani mutum da ya gina katanga tsakaninsa da duniya, kowane baƙin ciki tubali guda: rashin uba, tsananin uwa, cin zarafin malami. Waƙar da ta shafi makaranta, wadda yaran makarantar Islington Green suka yi wa amshi, ta hau kan gaba a jerin waƙoƙin Ingila a ƙarshen wannan shekara. Mai zane Gerald Scarfe ya siffanta malamin a matsayin dodo mai ƙwala-ƙwalan idanu da sanda a hannu, kuma wannan ƙaton mutum-mutumi yana cikin abubuwan da aka nuna, yana leƙen masu ziyara daga sama.

Waƙar ba ta tsaya a Turai ba. A 1980, ɗaliban Afirka ta Kudu da ke ƙaurace wa azuzuwa saboda ilimin wariyar launin fata suka riƙa rera ta, gwamnati ta haramta ta. Kukan yaro guda na Kambirij ya zama makami a hannun dubban yaran da ba su taɓa ganin garinsa ba. A Ingila kuwa, sai a 1986 majalisa ta zartar da dokar hana duka a makarantun gwamnati, ta fara aiki a 1987.

Ɗakin ƙarshe yana nuna wasan Live 8 na 2005, inda Waters, wanda ya fice tun 1985, ya sake tsayawa da Gilmour da Wright da Mason. Barrett ya rasu a 2006, Wright a 2008.

Anderson da Council, waɗanda sunayensu suka zagaye duniya a bangon faifai, sun rasu a 1974 da 1976 ba tare da sun ɗanɗani wannan ɗaukaka ba. Gidan tarihi yana da nasa zaɓi da nasa mantuwa. Duk da haka ya adana shaida ɗaya mai nauyi. Wanda ya rubuta sunan yaro a littafin horo yana ganin rajistar ladabi yake cikawa. Ashe tarihin kansa yake rubutawa, kuma yaron ne ya yi masa fassara.